Duwatsu Huɗu a Ɗakin Attahir

Ranar sadakar arba'in ɗin Attahir ɗan Aghali, tun ba a gama wanke ƙoren fura ba, aka ce kwamfutarsa ta ɓace daga ɗakinsa.

Ina zaune ƙarƙashin dogon yaro tare da sauran dattawa sai muka ji hayaniya daga cikin gida. Sidi ne, ƙanen mamacin, ya fito riƙe da wuyan rigar Mato yana jan sa kamar ɗan akuya. Mato Bahaushen Damagaram ne mai gyaran salula a kasuwar Gangara, siriri, mai tabarau ɗaure da zare. Shi da Attahir abokai ne tun daga lakwal, wato makarantar boko.

"Shi ne!" in ji Sidi. "Mata sun gan shi ya shiga ɗakin da hantsi. Ka zo gaisuwa ko ka zo leƙen kaya?"

"Na shiga, ban musa ba. Amma wallahi a nan na bar ta."

"A nan ina? Ƙafa ta yi ta fita?"

Kafin a ce haka, samarin zangon sun kewaye su. Zangon nan na makiyaya ne da suka zauna arewa da Gangara bayan babban fari, danginsu ɗaya, aurensu ɗaya, rijiyarsu ɗaya. A cikin mutum ɗari da suka zo ranar, Mato ne kaɗai ba shi da kawu ko ɗan uwa da zai tsaya masa. Na duba fuskoki, na ga an riga an yanke masa hukunci.

Maigari ya ɗaga sandarsa. Ya ce ba za a taɓa kowa a gidan makoki ba. Mato zai kwana a zaurensa, jibi da safe in ba a ga kaya ba a kai shi wurin jandarmomi a Tanout. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Barmo, idon nan naka yana nan ko ya tafi tare da haƙoranka?"

"Ranka ya daɗe, ɗaya yana nan."

"To ka yi aiki da shi."

Mutumin da aka ɗauka a bayan mota zuwa Tanout a kan satar kayan mamaci, ko an sake shi washegari, ya gama zama a Gangara. Ba mai sake miƙa masa salula. Mato ya san haka. Da aka wuce da shi ta gabana, tabaransa kawai yake gyarawa.

Aghali, uban mamacin, bai motsa daga kan tabarmarsa ba. Amawalinsa ya rufe hanci, carbi a hannu.

* * *

Bin sawu na gada wurin mahaifina. Raƙuman sata na bi tun daga shekarun saba'in, daga Belbeji har bakin Agadas, kuma na bi mutane ma. Amma ban taɓa bin abin da ba ya tafiya, ba ya shan ruwa, ba ya kashi ba.

Ɗakin Attahir na ƙasa ne, daɓensa yashi mai laushi da matarsa ta tankaɗe. Na tsaya a bakin ƙofa na hana kowa shiga. Ga sawun Mato, takalmin roba mai zane kamar ƙayar kifi, ya shiga ya tsuguna kusa da tabarma, ya daɗe har duga-dugansa suka nutse, ya tashi ya fita da sauri. Sawun fitarsa bai fi na shigarsa zurfi ba. Wannan bai wanke shi ba, don kwamfuta ba buhun gero ba ce. Sauran daɓen an share shi da tafin hannu, daga tabarma har ƙofar baya.

Abu biyu suka tsayar da ni. A jikin bango ga sharjar ɗin kwamfutar, wato abin da ke ba ta wuta, baƙi, mai nauyi kamar tubali, igiyarsa naɗe. A gefen tabarma kuma ga ƴan ramuka huɗu a cikin yashi, biyu gaba biyu baya, kowane kamar inda aka ajiye ƙwai aka ɗauke. Na auna tsakaninsu da taƙi. Ban gane su ba, na dai riƙe su a raina.

Na fita ta ƙofar baya da murnata, don can ne mutane ba su taka ba. Sai na tarar garken awaki ya bi ta wurin, ya tattake komai tun daga bakin ƙofa har bayan danga. Ko rabin sawun mutum babu.

* * *

Mato na zaune a zauren Maigari, an kawo masa tuwo bai taɓa ba.

"Me ya kai ka ɗakin mamaci?" na tambaye shi.

"Alkawari, Baba Barmo. Ranar da na je duba shi a likita, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya ce mini: Mato, in abin ya zo da ƙarar kwana, ka kwashe muryoyin kafin Sidi ya goge." Ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar yatsa daga aljihu. "Kile ke nan, a ciki ake kwasar abu. Na bari sai an yi arba'in don kunya."

Na san zancen muryoyin, don tawa ma tana ciki. Shekara biyu Attahir yana yawo zango zango da kwamfutar nan a jaka, yana zaunar da tsofaffi suna ba shi labarin farin saba'in da uku da na tamanin da huɗu: wace rijiya ta ƙafe da fari, wace hanya aka bi zuwa kudu, wa aka binne a ina.

"Ita kwamfutar, me ya sa kowa ke zancenta? Ba irin ta ofishin magajin gari ba ce?"

Nan ya ɗan farfaɗo. "Ina! Wannan ta wasa ce, Baba. Don ƴan wasan ƙwallo da na yaƙi aka ƙera ta. Wani ɗan uwansu ya zo da ita daga arewa. Haruffanta na ci da jar wuta, fanka biyu gare ta a ciki, in ta ɗau aiki sai ka ji kamar moto na hawa tudu. Attahir na karɓarta ya fidda tsarin kamfanin da ta zo da shi, ya sa wani ana ce masa Linux, mai alamar tsuntsu."

"Na wane kamfani ne shi kuma?"

"Ba na kowa ba ne. Mutane ne a ƙasashe da yawa suka haɗa shi, suka bar shi a buɗe. Kowa na iya duba cikinsa, ya gyara, ya ba wani. Attahir cewa yake kamar rijiyar hanya ce, wanda ya sha ya gyara bakinta ya wuce. Amma ta wahalar da shi. Wata guda ba ta fidda sauti. Ya gyara wannan, sai batiri ya riƙa ƙarewa kafin a gama shayi na biyu. Ya hau tudun da ake samun rezo, inda salula ke kamawa, ya rubuta wa wasu mutane da bai taɓa gani ba, suka ba shi amsa, ya gyara. Abu ɗaya ne ya gagare shi har ya koma ga Allah. In ka rufe murfinta ba ka kashe ta ba, ba ta barci. Fanka na ta juyawa, tana ta zafi, har batiri ya mutu."

"Kai da ka fita, ka kashe ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na kunna, na buɗe murya ɗaya in tabbatar ita ce. Sai na ji shi, Baba. Yana dariya yana cewa, Inna Mairama, matso kusa, abin ba ya cizo. Na rasa inda nake. Ban ko sa kile ɗin ba na ji ana kira a zo a yi fatiha. Na rufe murfi na fito."

"Da ƙarfi muryar ta fito?"

"Da ƙarfi. Ban san ya bar ta a buɗe haka ba."

Na tashi zan fita, ya riƙe bakin rigata.

"Baba, ni mai gyara ne. In zan saci wannan, zan bar sharjar? Daga nan har Damagaram babu irinsa. In babu shi, awa biyu ta zama faranti."

* * *

Washegari da safe na koma kan Sidi, don maganar Mato ta nuna shi. Mata ma sun ce jim kaɗan bayan fatiha ya hau moto, wato babur, ya fita, ba wanda ya san inda ya je. Na bi sawun tayar. Ta nufi hanyar Tanout, na ce a raina to ga shi. Sai ta karkata yamma ta tsaya a maƙabarta. Ya sauka, ya jawo ƙaya sabuwa ya rufe kabarin wansa, ya durƙusa. Gwiwoyinsa biyu da goshin takalminsa suna nan a ƙasa. Babu alamar ya ajiye wani kaya ko ya haƙa wani wuri.

Na same shi yana ba raƙumi harawa.

"An ce ka ce za ka goge ta."

"Na ce. Gaban kowa na faɗa, ranar sadakar bakwai. Tawa ce yanzu, wa zan sata wa?" Ya jefa harawar da ƙarfi. "Shekara biyu muna faɗa a kanta. Na ce masa, an ba ka dokin sukuwa ka ɗaura masa garma. Wasan ƙwallon da nake so ba ya tashi a kan abin nan nasa mai hoton tsuntsu. Ya ce in ba shi lokaci zai sa ya tashi. Har ya kira ni wata rana ya ce in zo in gani, ya kusa. Na ce ya riƙe kayansa." Ya juya mini baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. "Ban je ba."

"Babanku yana wurin lokacin da ka ce za ka goge?"

"Yana nan. Shi me ya dame shi? Tun ranar da ta shigo gidan nan yake ce mata akwatin banza. Sau nawa yayana ya roƙe shi ya ba da labarin fari, ya ce shi ba ya magana da faranti."

* * *

Raishatu, matar mamacin, tana takaba a ɗakin uwar mijinta. Na zauna a waje, asabari tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da ƙyar.

"Ɗiyata, abu ɗaya zan tambaye ki. A gefen tabarmarsa akwai ramuka huɗu. Mene ne ke zama a wurin?"

"Duwatsunta ne."

"Duwatsun me?"

"Ta ƙasa take shan iska. In ya ajiye ta a kan tabarma sai ta yi zafi ta mutu yana tsakiyar aiki. Ya gwada kofunan shayi, suna zamewa. Wata safiya muka buɗe ƙofa muka tarar da duwatsu huɗu a jere a bakin ɗaki, masu faɗi, tsayinsu ɗaya kamar an auna. Tun daga ranar a kansu take zama."

"Wa ya kawo su?"

"Ba wanda ya ce shi ne."

"Suna ina yanzu?"

"Ba su nan?"

"Babu."

Na ji numfashinta ya tsaya a bayan asabarin.

"Awakin gidan nan ta wace ƙofa suke fita kiwo?"

"Ta gaba. Da sassafe."

"Jiya ta baya suka bi, kuma da rana tsaka. Wa ya buɗe musu?"

Na ji ta gyara zama. Can ta ce, "Baba Barmo, ni baƙuwa ce a gidan nan. Akwai sunan da bakina ba ya kamawa."

Ban ƙara mata tambaya ba. A zangon nan mace ba ta kiran sunan surukinta ko da wuta ta kama gida.

* * *

Ni da Aghali mun san juna a hanya, a shekarar tamanin da huɗu. Ya taso daga arewa da raƙuma sittin, muka haɗu kudu da Belbeji yana da taguwa ɗaya da awaki tara. Matarsa ta fari da ɗiyarsu sun rasu a tafiyar, ni na taya shi haƙa. Nonon taguwar nan muka sha kwana goma sha ɗaya. Wata rana muka lura wasu mutane na bin mu saboda ita. Aghali ya kai ta cikin wani kwari ya ɗaure, ya dawo ya kora awakin nan tara a kan sawunta, gaba da baya, har ni da nake ɗan mai bin sawu na kasa gane inda ta bi. Tun daga lokacin bai sake ta da zancen tafiyar ba, ni ma ban tayar masa ba. Attahir da Sidi ƴaƴan auren da ya yi daga baya ne.

Na same shi a rumfarsa yana dafa shayi.

"Tsohon kare, ka shinshino wani abu?" in ji shi.

"Hancin ya tsufa. Zuba mini."

Ya miƙo kofi. Hannun rigarsa a jiƙe yake har gwiwar hannu, ga laka ta bushe a gefen takalminsa. Lokacin ba na alwala ba ne, kuma dattijo irinsa ba ya ɗibar ruwa, akwai masu yi masa.

"Gobe za su kai yaron nan Tanout," na ce.

"Na ji."

"Matarsa na da ciki, an ce."

Ya ɗaga butar shayin sama yana zubawa, kumfa na tashi. Hannunsa bai karkace ba. Ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe ido.

"Allah ya sauke ta lafiya," ya ce.

Na sha kofi uku kamar yadda ake yi, na yi sallama.

Da la'asar na bar neman sawun mutum, na bi na awaki. Awakin da aka sake kiwo bajewa suke, wannan ta tsaya a kan ƙaya, waccan ta koma baya. Waɗannan a matse suka tafi, a miƙe, ba wadda ta tsaya cin komai. Korar su aka yi. Suka kai ni wani tsohon rumbu da aka bari a bayan tudu, ƙarƙashin aduwa. Tun daga nesa na ga zuma da zanzaro na shawagi a gindinsa. A watan bazara, a ƙasarmu ta Damargu, ba abin da ke tara su a busasshen wuri sai danshi.

Na leƙa. Duwatsu huɗu a jere, biyu gaba biyu baya. A kansu wani abu naɗe da buhun algarara, jiƙe sharkaf, yadda muke naɗe jarka ko salka don ruwa ya yi sanyi. Ruwa na ɗiga daga kusurwarsa. A gefe ga ƙaramar buta da gurbin da mutum ya zauna ya daɗe.

Na tsuguna a wurin har ƙafafuna suka mutu. Da na ɗauki abin na kai wa Maigari na ce a daji na tsinta, da an rufe zancen, amma har Mato ya mutu za a ce tsoro ne ya sa ya jefar. Na sa hannu a hankali na zare dutse ɗaya, na sa a aljihu.

* * *

Da safe aka taru a ƙofar gidan Maigari. Motar da za ta Tanout na tsaye, direba na danna oda. Aka fito da Mato ya zauna a tsakiya. Sidi da samarinsa a gefe ɗaya, dattawa a kan tabarmi, mata daga bayan danga.

"To, Barmo," in ji Maigari. "A ɗauke shi ko a bar shi?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni in faɗi abin da ƙasa ta nuna mini. Mato ya shiga ɗakin, gaskiya ne. Ya kunna ta, ya ji muryar abokinsa, ya rufe ya fita."

"Shi ya faɗa maka!" in ji Sidi.

"Shi ya faɗa. Kai kuma maƙabarta ka je, ba kai ka faɗa mini ba. Zauna."

Ya zauna.

"Wanda ya ɗauke ta ya bar sharjar. Duk wanda ya san kwamfuta ba zai bar shi ba. Mato ba zai bari ba, Sidi ba zai bari ba, ko yaran da ke wasa da salula ba za su bari ba. Wannan mutumin bai san me ke ba ta rai ba. Amma ya ɗauki wani abu da ɓarawo ba zai ko kalla ba."

Na fiddo dutsen na ajiye a kan tabarma gaban Maigari.

"Huɗu ne. A kansu take zama don ta sha iska. Wanda ya tsaya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, alhali gida cike da mutane, ba sayarwa zai yi ba. So yake ta zauna yadda mai ita ke zaunar da ita. Na san inda take. Sunan mutumin kuma ba daga bakina za a ji ba. In an ga dama a kai ni Tanout tare da Mato."

Direban ma ya bar odarsa. Ban dubi kowa ba, dutsen nake kallo.

Sai na ji ƙarar gwiwoyin tsoho yana miƙewa. Aghali ya tako ya tsuguna ya ɗauki dutsen, ya share shi da babban yatsa.

"Daga bakin rijiyar Jika na ɗebo su," ya ce. "Kwana uku ina neman waɗanda suka yi daidai."

"Baba..." in ji Sidi.

"Ina bayan ɗakin, na je kama ruwa. Sai na ji shi. Yana dariya." Bai kira sunan ba, mutanensu ba sa kiran sunan wanda ya tafi. "Na ce ko hankalina ne. Na zagaya na shiga, ba kowa. Na sa hannu a kan abin. Yana numfashi, Barmo. Jikinsa zafi rau, kamar ranar da muka ɗora shi a amalanke za mu likita. Wannan kuma ya ce zai goge." Ya nuna Sidi da haɓa. "Na ce ba za a yi sau biyu ina kallo ba."

Amawalinsa ya zame ya sauko har haɓa. Shekara arba'in da sanina da shi ban taɓa ganin bakinsa a gaban jama'a ba. Bai mai da shi ba. Dattawa suka sunkuyar da kai, samarin suka juya fuska.

"Na jiƙa masa buhu. Safe da yamma ina zuba ruwa. Zafin ya sauka tun ranar, numfashin ma ya tsaya. Na ce barci ne."

Mato ya cire tabaransa ya rufe fuska da hannu biyu.

Aghali ya juya gare shi. "Ɗana, na ga sun kama ka, na yi shiru. Kwana biyu na yi shiru. Ba ni da abin da zan ce maka."

Maigari ya ɗaga wa direba hannu, mota ta tafi ba kowa a bayanta.

* * *

Mato da kansa ya kwance buhun. Da ya karkata kwamfutar, ruwa ya zubo ta ramukan fanka. Ya buɗe bayanta a kan tabarma, cikinta ya yi kore. Ya ce ta mutu, ba mai tashinta ko a Yamai. Sidi na tsaye a kansa, ya kasa haɗa ido da shi, shi ke miƙa masa abin kwance ƙusa tun bai tambaya ba.

Can Mato ya zaro wani ɗan abu kamar reza, ya busa, ya naɗe a gefen rawanin Sidi. Ya ce a nan komai ke kwance, in Allah ya sa ruwa bai ci shi ba. Ya shanya shi kwana uku.

Ranar kasuwa muka je rumfarsa, ni da Aghali da Sidi. Yana da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Ya sa mata wani kile da Attahir ya taɓa ba shi, ta tashi da tsarin nan na kowa da kowa, ga hoton tsuntsun, baƙin baya, farin ƙirji, zaune kamar mai jiran tuwo. Ya haɗa ɗan abin. Muka jira. Sai sunaye suka jeru, tsofaffi sittin da uku, wasunsu sun riga sun bi Attahir, wasu sun riga shi.

"Akwai sunana?" in ji Aghali.

"Akwai wurin da ya buɗe da sunanka, Baba. Abu ɗaya ne a ciki, gajere."

"Kunna."

Iska ta fara fitowa, da kukan akuya daga nesa. Sai muryar Attahir, kusa, kamar yana rumfar.

"Yau Talata. Zan tambayi Baba hanyar da suka bi daga arewa, da sunan yayata da aka binne a hanya, don ban san sunanta ba." Aka ji takunsa, aka ji ƙarar kofin shayi, aka ji wata murya can ƙasa tana faɗin abin da ba a gane ba. Sannan ya dawo, yana ƴar dariya. "Baba ya ce ba yau ba."

Shi ke nan abin da ke ciki.

Hayaniyar kasuwa na ta gudana a bayanmu. Wata mata ta zo da salula a hannu, ta ga fuskokinmu ta koma. Aghali ya sa hannu a aljihu ya fiddo duwatsun nan huɗu, ya ɗaga tsohuwar kwamfutar Mato ya jera su a ƙarƙashinta, biyu gaba biyu baya, ko da yake Mato ya ce wannan ba ta zafi.

"Tana ɗaukar magana ita ma?"

"Tana ɗauka, Baba."

"Mai da shi farko. Ya sake tambaya."

Mato ya mayar. Attahir ya sake cewa yau Talata, ya sake tambayar hanya da sunan yayarsa. Kafin a kai wurin dariyar, Aghali ya ɗaga hannu, Mato ya tsayar.

Tsohon ya matso kusa, ya sauke amawalinsa da kansa.

"Sunanta Kadi," ya ce. "Shekararta huɗu."